Tsakuwar Sama a Gidan Burodi

Litinin, 14 ga Afrilu

Auta ta kafa wani ƙarfe a kan rufin gidan burodina, mai haƙarƙari kamar ƙashin kifi. Na fito daga wajen tanderu da hantsi na ɗaga kai, sai ga 'yata a sama da sifana a baki, Dogo, babban ma'aikacina, yana riƙe mata tsani yana ta salati. Na ce ta sauko kafin ta lotsa mini kwano ko ta karya ƙafa, ta ce saura noti ɗaya. Wai eriya ce, kuma aikinta ne na kammala jami'a. Na tambaye ta talabijin za ta kamo? Ta ce a'a, taurarin da ke faɗowa za ta saurara.

Saurara, da kunne. To, mun tura yaro makaranta, dole mu ga abin da muka gani.

Laraba, 16 ga Afrilu

Yau ta zaunar da ni. Bayan an fitar da gashin ƙarshe ta barbaɗa fulawa a kan teburin murza, ta zana mini doron duniya da yatsa.

Abin da muke cewa tauraro ya faɗi, wai ba tauraro ba ne. Tsakuwa ce, wata ma ba ta kai ƙwayar sukari ba, tana shigowa da mugun gudu ta ƙone can sama. Na ce ai shi ya sa aka ce komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Ta ce wannan jifan dai, Baba, yawancinsa ba ya isowa ƙasa. Ta kashe mini karin magana a gaban yarana.

Inda ta ƙone tana barin wani layi a iska, layin kuma yana mayar da muryar rediyo kamar yadda bango ke mayar da kira. Akwai wata tasha a wani birni mai nisan gaske, a bayan doron da ta zana, wadda ba ma kamawa a nan. In ka ajiye rediyo a kan lambarta, shuuu kawai za ka ji. Amma da zarar tsakuwa ta ƙone tsakaninmu da su, sai muryar tashar ta bugi layin ta faɗo mana, ƙiftawar ido, ta ɓace. Kwamfutarta da ke ɗakinta, bango ɗaya da gidan burodi, ita ke ƙirga kowace faɗowa. Ba ruwanta da rana, ba ruwanta da hadari. Kuma wai sun fi yawa da asuba zuwa safiya, don a lokacin ne ɓangarenmu yake fuskantar inda duniya ta nufa, yadda gilashin gaban mota ya fi na baya kwasar ƙwari.

Ban gane rabi ba. Amma na tsaya ina kallon yarinyar nan da na goya a kafaɗa tana juya duniya da yatsa ɗaya, ba inda-inda, har na manta na bar ƙofar tanderu a buɗe. Da Dogo ya zo share teburin na ce ya fara da ɗayan.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Ashe akwai abin da ba a gaya mini ba. Mamanta ce ta saki baki wajen cin abinci. Malamar da ke duba aikin Auta ta ce in sakamakon ya yi kyau za ta tura sunanta wata cibiyar bincike ta ci gaba da karatu. Ina cibiyar take? A wancan birnin na tashar. Wato wanda ke bayan doron duniya.

Na ajiye cokali. Babban yayanta ya zaɓi tuƙin babbar mota, mai bi masa ko warin yis ba ya so. Ita kaɗai ce a 'ya'yana take danna kwaɓi da yatsa ta gaya maka ya tashi ko da saura. Ban taɓa furtawa ba, amma kowa a gidan nan ya san wa nake wa tanadin makullin wurin nan.

Ban ce komai ba. Mamanta ta ce shirun nawa ya fi faɗa ƙara.

Talata, 29 ga Afrilu

Ta shigo da kwamfuta tana tsalle kamar 'yar firamare. Zanen ƙirgarta yana kwance da yamma, ya miƙe tsaye da asuba, ya sauka wajen hantsi. Kullum haka, daidai yadda littattafansu suka ce. Malamarta ma wai ta yaba. Na ce Allah ya sa albarka, kuma har zuciyata na faɗa, sai dai can ƙasan zuciyar akwai wani abu da bai ce amin ba.

Asabar, 3 ga Mayu

Fulawar wannan karon tana shan ruwa kamar raƙumi. Kafaɗar dama ta dawo da halinta.

Talata, 13 ga Mayu

Bel ɗin injin kwaɓi ya tsinke tun kafin mu fara. Ba mu samu sabo ba sai bayan azahar. Rabin yini inji na kwance, ma'aikata na hira, masu kanti na kira. Ranar banza.

Laraba, 14 ga Mayu

Da yamma Auta ta shigo fuskarta ba jini. Ta ce jiya da asuba sama ta yi shiru. Ƙirgar da ke cika mata shafi ta koma 'yan tsiraru. Ta duba waya, ta duba eriya, komai lafiya. Sai ta tuna jiya ne inji bai yi aiki ba.

Ta ajiye kwamfuta a kan buhu ta ce, Baba, don Allah kunna injin. Na kunna. Layi ya yi tsalle a fuskar kwamfutar. Kashe. Ya sake tsalle. Sauya giya. Tsalle. Makunnin injin yana tartsatsi a ciki, tartsatsin yana shiga eriya, kwamfutar baiwar Allah tana rubuta shi a matsayin tsakuwar sama. Mu kuma yaushe muka fi kunnawa da kashewa? Da asuba zuwa hantsi. Lokacinmu da lokacin sama ɗaya ne, shi ya sa zanen ya fito da kyau haka.

Dogo ya ce, ashe duk watan nan ni ne nake jefo taurarin. Ma'aikata suka fashe da dariya. Ita ba ta yi ba.

Da suka fita na ce mata a hankali, to wa ya sani in ba mu ba? Zanen ya yi daidai da littafi, malama ta yaba, a bar kaza cikin gashinta mana.

Ta kalle ni ta ce, "Baba, kai kana rage awon burodi don ba mai aunawa?"

Na juya na hau kakkaɓe buhun fulawa. Gobe za ta je ta gaya wa malamar da bakinta cewa aikin wata guda shara ne.

Alhamis, 15 ga Mayu

Ta je, ta faɗa, ta dawo. Ta wanke fuska ta ci abinci. Ni da ke ganin na san jarumta saboda ina sa hannu a tanderu.

Juma'a, 23 ga Mayu

Mai gyaran wuta ya sauya makunni. Tartsatsin ya ragu, amma ita kanta motar injin, wato abin da ke juya shi, tsohuwa ce, muddin tana juyawa tana zuba ƙara a rediyon, ta binne ƙananan muryoyin. An gwada kai eriyar ginin makarantarsu, can tsakiyar gari ne, tashoshi da injuna sun fi nan yawa, abin ya fi muni. Nan bakin gari ne wurin da ya dace, in ban da injina.

Wai a makon farko na Yuni duniya za ta ratsa wani garken tsakuwoyi, na rana ne, ido ba ya ganinsu, sai rediyo. Da ta samu safiyoyin wannan makon a tsabtace, da aikin ya tsaya da ƙafarsa. Bayan nan lokacin miƙa aiki ya yi. Ta faɗi wannan tana kallon ƙasa, ba ta roƙe ni komai ba. Ta ce za ta rubuta gaskiyar abin da ya faru ta miƙa haka, za ta samu shaidar gamawa, cibiya kuwa sai wani.

A nan zan iya rubutawa, tunda ba mai karantawa: na ji daɗi. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Ban kashe aikin da hannuna ba, ban hana ta ba, inji ne. Allah ya yafe mini, amma na ji daɗi.

Lahadi, 25 ga Mayu

Mamanta ta tare ni ina ɗaura takalmi. Ta ce na san abin da yarinyar nan take bukata, kuma na san ba za ta buɗe baki ba, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Na ce burodi ba ya jiran taurari, mutane na karya kumallo da shi, in kashe inji da safe in ce wa gari me? Ta ce kafin inji da me kake kwaɓi? Na ce kafin inji ina da kafaɗa. Ta ce to. Wannan "to" ɗin nata ya bi ni har wurin aiki.

Laraba, 28 ga Mayu

Kwana uku ke nan Auta na fitowa da asuba da rigar aiki, ba wanda ya ce ta zo. Tana yanka, tana aunawa, tana murzawa, tana jera gwangwani. Hannunta ya fi na kowa sauri, burodinta duk kai ɗaya. Abin da na daɗe ina roƙo ke nan, ga shi a gabana.

Sai dai ba ta magana. Da, in tana wurin nan kanka sai ya yi ciwo, ta tsokani Dogo, ta gyara wa rediyo nahawu, ta tambaye ka me ya sa yis ke son ɗumi. Yanzu sai "to, Baba", "na gama, Baba". Yau da gari ya fara haske na ga ta tsaya a bakin ƙofa da tire a hannu, ta ɗaga kai ta kalli ƙarfen nan na rufi, ta sauke kai ta dawo ciki.

Na ci burodin da ta murza. Lafiyayye ne. Amma rabi na ci na ajiye.

Asabar, 31 ga Mayu

Na sa an fito da kwamin katako na kwaɓi da hannu daga ɗakin ajiya, wanda maigidana da ya koya mini sana'a ya bar mini. Gizo-gizo ya yi unguwa a ciki. An wanke, an kankare, an shanya.

Na tara ma'aikata na ce daga Talata, mako guda, ba inji daga asuba har hantsi. Da hannu. Suka kalli juna. Ɗaya ya ce bai taɓa yi ba, ɗaya ya tuna yana da ciwon baya. Dogo ya ce, Maigida, kai da kafaɗar nan? Na ce hannu ɗaya ne ba ya ɗaukar jinka, mu hannuwa nawa ne a nan? Wanda ba zai iya ba ga ƙofa. Ba wanda ya fita, amma na ji gunaguni har bayan gida.

Auta ta ce, Baba, ba sai ka yi ba. Na ce wa ya ce don ke ne, injin ne yake bukatar hutu. Cire rigar aikin nan ki koma kan wayoyinki, kina tare mana hanya.

Talata, 3 ga Yuni

Wayyo kafaɗata. Na manta nauyin kwaɓi in ya haɗe. Gumi har cikin ido, gashin farko ya makara, burodin ya fito da nauyi, wani ma ya karkace kamar hular mashayi. Ko rabin abin da muka saba ba mu fitar ba. Mai kantin kan kwana, wanda ya fi kowa ɗauka, ya juya ɗaya a hannu ya ce wannan na ci ne ko na gini?

Auta ta ce safiyar ta fito tas.

Laraba, 4 ga Yuni

Ta jawo waya ta taga ta rataye mana lasifika a kan ƙusar agogo, wai tunda mu ke wahalar mu ji abin da muke wa wahala. Ta haɗa da tsohuwar rediyona ta ɗaki. Shuuu kawai, kamar ruwa a kan kwano daga nesa. Ma'aikata suka fara ba'a, wai tashar macizai.

Muna cikin dannawa sai wata mace ta yi magana a kanmu. Kalma biyu ko uku, da wani yare, tas kamar tana tsaye a ƙofa. Ta ɓace. Kowa ya daskare da hannu a kwami. Kafin mu numfasa, guntun kiɗa, kif, ya wuce.

Auta ta leƙo ta taga ta ce, kun ji? Ƙwayar yashi ce wannan.

Ƙwayar yashi. Ta taso daga inda Allah kaɗai ya sani, ta yi tafiyar da ba a lissafawa, ta zo ta ƙone a saman kanmu, a mutuwarta ta miƙo mana muryar wata baiwar Allah da ba ta san da mu ba. Kuma kullum haka ake yi, tun ina saurayi, ni ina nan ƙasa ina faɗa da fulawa. Ba wanda ya sake ba'a.

Alhamis, 5 ga Yuni

Hannu ya fara tunawa. Burodin yau ya tashi. Mai kantin kan kwana bai zo ba, na ji ya koma wa mai burodin bayan kasuwa. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba, tun zamanin mahaifinsa muke tare.

Dogo ya ba da wani labari da bai taɓa ba ni ba. Wai yana matashi ya ga wata ƙatuwar tsakuwar sama ta keta sararin samaniya, kore shar, kuma a daidai lokacin ya ji wani "fsss" kusa da kunnensa, kamar an ɗiga ruwa a gwangwani mai zafi. Da ya faɗa aka ce ƙarya ne, abu mai nisa haka ƙararsa ba ta isowa tare da haskensa. Ya yi shiru da zancen tun daga ranar. Na zaci Auta za ta yi dariya. Sai ta ɗauko biro ta zaunar da shi tana tambaya, ina yake tsaye, akwai busasshen ganye kusa, akwai shingen ƙarfe. Ta ce mutane da yawa sun ba da irin labarin, masana har yanzu suna kai da komo kan yadda abin yake faruwa. Dogo ya wuni yana tafiya kamar an ba shi sarauta.

Asabar, 7 ga Yuni

Yau ce babbar ranar, in ji ta, kuma ba ta yi ƙarya ba. Tun gari bai gama wayewa ba lasifikar nan take ta tofo mana guntaye, kalma, kiɗa, rabin dariya, kalma. Ma'aikata har sun daina ɗaga kai.

Wajen fitowar rana sai aka yi wata doguwa. Matar nan ta fara magana ba ta yanke ba. Jimla guda, ta biyu, wani namiji ya amsa mata, ta yi dariya, muryar ta yi rawa tana dusashewa tana dawowa, sannan shuuu. Na ji Auta ta buga tebur a ɗakinta. Ta fito da gudu ba takalmi, ta tsaya a tsakiyar gidan burodi, ta rasa wanda za ta kama, ta kama hannuna da kwaɓi da komai.

Tana ta magana, Baba kaza, Baba kaza, tsohuwar Auta ta dawo da surutunta. Ni kuwa abin da ke kaina daban. Mutanen da za su ɗauke mini ita ne suka yi dariya a cikin shagona, kuma ni na buɗe musu ƙofa da kafaɗata.

Na ce ta sake ni kwaɓi na bushewa.

Talata, 10 ga Yuni

An kunna inji. Ma'aikata sun yi masa tafi. Hannun dama ba ya ɗaguwa sama da kai, Mamanta na gasa mini da tawul tana yi mini kallon da ba na so.

Alhamis, 17 ga Yuli

Ta kare aikinta a gaban malamai, ta ci. Ta nuna mini littafin. Akwai babi guda sukutum a kan kuskurenta, har da hoton injina. Na ce wa yake tallan abin kunyarsa? Ta ce don kada wani ya sake ƙirga injin babansa. Wai babin ne ma suka fi tsayawa a kai.

Laraba, 20 ga Agusta

Cibiya ta ɗauke ta. Gida ya cika da guɗa. Na yi mata addu'a, na fita duba tanderu, ko da yake a kashe yake.

Litinin, 29 ga Satumba

Ta tafi. Jiya ta ɗauko tsani za ta kwance eriya, na ce ta bari, in aka cire notin rufi zai yi yoyo. Ta ce to lasifikar fa? Na ce ƙusar ta saba da ita. Sai ta ɗauki jan farce ta ɗiga a kan lambar tashar a fuskar rediyon.

A tashar mota na ce ta riƙa cin abinci. Shi ke nan abin da na iya faɗa.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Na kafa sabuwar doka. Bayan kwaɓin farko, a kashe inji ya ɗan huta kafin na biyu. Tsoho ne, yana ɗaukar zafi. In an kashe kuma wurin ya yi shiru da yawa, shi ya sa nake kunna rediyon, ba don komai ba.

Yanzu ba kamar Yuni ba ne, sai ka daɗe kana jin shuuu. Jiya ba a samu ko ɗaya ba. Yau har na kai hannu zan kashe, sai matar nan ta faɗo, kalma ɗaya da rabi, da muryar wanda ya sha shayinsa. Na leƙa ta taga na ce wa Mamanta, can ma sun tashi. Ta ce su wa? Na ce ba kowa.

Sabon ma'aikaci ya tambayi Dogo wai me ya sa ake ɓata lokaci, inji lafiya lau. Dogo ya je ya ɗora tafin hannu a kan motar injin, ya jima, ya ce lallai da zafi, a ƙara masa kaɗan.

Na taɓa bayan ya matsa. Sanyi ƙalau.